Bokitin Ojukwu: abin da za ka gani in ka bi hanya daga Gammo zuwa bakin teku

Ka ɗauki wayarka yanzun nan ka shiga Facebook ko X. Nemo duk wani labari da ya haɗa Arewa da Kudu, ko da na farashin tumatir ne, sannan ka gangara wurin sharhi. Ba za ka yi nisa ba za ka ci karo da wani yana cewa a raba ƙasar kowa ya huta, wani kuma ya amsa masa da cewa in sun isa su gwada, an yi a 1967 kuma a shirye ake a maimaita. Danna hoton mai maganar ka gani. Sau da yawa sa'anka ne, wani lokacin ma ƙaninka, wanda ko bindigar hawan sallah aka buga kusa da shi sai ya toshe kunne.

Akasarinmu abin da muka sani game da yaƙin basasa bai wuce layi ɗaya ba: an yi, an gama, Najeriya ta zauna. Mun taso ne a shekarun da aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, su kuma tsofaffin da suka ga abin da idonsu ba su cika son maganar ba. Amma ragowar yaƙin na nan a ajiye, kana iya zuwa ka tsaya a gabansa. A wannan makon zan ɗauke ka a mota daga Gammo da ke ƙaramar hukumar Kabo har bakin Tekun Atlantika, tafiyar sama da kilomita 1,000. A tsakiyar hanya akwai wani makami da ake ce wa bokiti. Dalilin ƙera shi kuwa yana can bakin ruwa, sai mun isa za ka gane.

Mutum bakwai, Sienna ɗaya

Biki ne ya tashe mu. Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya fi shekara 20 yana sayar da albasa da wake a Kalaba. Da ya tashi aurar da 'yarsa ta fari sai ya ce ba zai saurari uzurin kowa ba. Kuɗin jirgi na mutum bakwai ba abin da ake fara lissafawa ba ne a gidanmu, don haka Baba ya aro Sienna ta abokinsa, aka haɗa kuɗin mai, Umma ta kwana tana soya kaji da dambun nama.

Umma dai ba ta so tafiyar ba, kuma tana da hujja. Babu ɗan Kano da ya manta Uromi ta jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan jiharmu da ke dawowa daga Fatakwal aka kashe 16 daga cikinsu. Shi ya sa Baba ya kafa dokoki tun a tsakar gida: ba tuƙin dare, ba musu da kowa a shingen hanya, kuma ranar Litinin ba za ta same mu a kan titin Kudu maso Gabas ba, saboda zaman gidan dole da aka fara a yankin tun 2021.

Wanda bai shiga lissafin kowa ba shi ne Kaka, mahaifin Baba, tsohon soja da ya haura shekara 75. Ana cikin rabon kujeru sai ya ce, "Ku bar mini gaba."

Baba ya ce, "Alhaji, tafiyar fa da nisa."

Ya ce, "Na riga ka sanin nisanta. Wani wurin da ƙafa na taka shi."

Kada ka yi mamakin samun tsohon soja a gari kamar namu. Kafin yaƙin sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma kafin a gama sun kai wajen 250,000. Samarin karkara ne suka cike mafi yawan wannan giɓin, daga gona zuwa ɗan gajeren horo, daga nan sai bakin daga. In ka bincika danginka da kyau, da wuya ka rasa guda.

Mun tashi bayan asuba, muka hau titin Gwarzo zuwa Kano, daga nan Zariya, Kaduna, Abuja, Keffi, Akwanga, muka kwana a Lafiya. Washegari muka haye gadar Binuwai a Makurɗi, muka bi Otukpo da Obollo-Afor zuwa Enugu. In ba ka taɓa bin hanyar nan ba, ka yi rigimar kujerar taga. Gonakin dawa suna janyewa, na doya su karɓe, can sai itatuwan kwakwar manja su rufe ko'ina, ƙasa ta koma ja wur. A Lokpanta, kan babban titin Enugu zuwa Fatakwal, akwai kasuwar shanu da za ka rantse a Wudil kake: ga mai shayi, ga masallaci, Hausa ta ko'ina. Nan muka yi salla, nan kuma Umma ta fara sakin jiki. Daga nan zuwa Umuahia ba nisa.

Garin da ya taɓa zama babban birni

Kafin mu shiga Umuahia, bari in tuna maka yadda aka zo nan. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu matasan hafsoshi, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka yi juyin mulkin da aka kashe Sardauna Sir Ahmadu Bello, da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka mayar da martani, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi, Yakubu Gowon ya hau mulki. Tsakanin Mayu da Oktoba na wannan shekarar an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, har da Kano, ɗaruruwan dubbai kuma suka gudu gida. Wannan ɓangaren ba mu cika faɗarsa a majalisa ba, kamar yadda su ma can ba su cika faɗar na 15 ga Janairu ba.

Ranar 30 ga Mayun 1967 Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ya shelanta ƙasar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. Ka san a Zungeru aka haifi Ojukwu? Yana jin Hausa, kuma shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano lokacin juyin mulkin Janairu. Mutanen da suka yi yaƙin nan sun san juna, wasu ajinsu ɗaya a makarantar soja.

Da Enugu ta faɗi a Oktoban 1967, sai gwamnatin Biyafara ta koma Umuahia, ta zauna har Afrilun 1969. Shi ya sa aka kafa Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a nan a 1985, a wurin da gidan rediyon Muryar Biyafara yake ɓoye a ƙarƙashin ƙasa. A ciki akwai sashen makaman gargajiya, inda za ka ga kwari da baka da masu irin na kakanninmu, da sashen rundunonin soja, da sashen yaƙin basasa. Amma filin waje shi ne yake tsayar da mutum. Ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny zaune a kan tudu. Ga jirgin jefa bam ƙirar Ilyushin da Najeriya ta samu daga ɓangaren Tarayyar Sobiyet. Ga wani ɗan mitsitsin jirgi irin waɗanda matuƙi ɗan Suwidin Carl Gustaf von Rosen ya ɗaura wa rokoki ya kai hare-hare da su a 1969. Ga motocin sulke da ake kira Red Devil, wato jan shaiɗan, waɗanda 'yan Biyafara suka liƙa wa faranten ƙarfe da walda.

Ƙannena suka ruga wurin jiragen. Kaka kuwa ko kallonsu bai yi ba, ya wuce kai tsaye wurin wasu ƙarafa da in a Ƙofar Ruwa ka gan su za ka ɗauka kayan gwangwan ne.

Bokitin

Sunansa ogbunigwe, wanda a harshen Ibo yake nufin mai kashe jama'a da yawa a lokaci guda. Laƙabinsa kuma bokitin Ojukwu, saboda siffarsa. Ƙarfe ne mai kama da bokiti ko mazurari, ana ɗura masa abin fashewa, a cika bakinsa da guntayen ƙarfe da ƙusoshi da duwatsu. Sai a binne shi a gefen hanya ko a girke shi yana fuskantar inda ake sa ran abokan gaba, wani ya laɓe can nesa da doguwar igiyar waya a hannu. In ayari ya iso ya tayar, duk abin da ke ciki ya watsu gaba kamar an sheƙa tsakuwa. Daga baya sunan ya zama na dangi guda: akwai na binnewa, akwai na harbawa kamar roka, akwai na jifa da hannu.

Waɗanda suka ƙera shi ba sojoji ba ne tun asali. Biyafara ta kafa wani sashe na bincike da ƙere-ƙere da ake kira RAP a taƙaice, ta zuba masa malaman kimiyya na jami'ar Nsukka, da injiniyoyi, da kanikawa, da masu walda. Cikin sanannunsu akwai injiniya Gordian Ezekwe da masana kimiyyar fiziks Benjamin Nwosu da Felix Oragwu. Ka yi tunanin malaminka na jami'a da mai waldar layinku a rumfa ɗaya, jirgi na shawagi a sama, suna gwada abin da in suka yi kuskure su zai fara tashi da su.

Kaka ya daɗe a tsaye yana dogare da sandarsa. Ƙanwata ta ce, "Kaka, kun taɓa ganinsa a can?"

Ya ce, "Ai ba a ganinsa, 'yar nan. Kana tafiya sai ka ji ƙasa ta ɗaga. In ka farka ka fara ƙirga mutanenka."

Ƙanina ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyon TikTok. Baba ya harare shi, amma Kaka ya ce, "Bar shi ya ɗauka. Kai dai kada ka sa masa kiɗa."

Abin da ya faɗa ke nan. A shekarun da na yi a gabansa ban taɓa jin ya yi maganar yaƙin da ta kai wannan tsawo ba.

Abagana

In kana son sanin dalilin da sunan makamin ya shiga tarihi, ka zaro naira 20 daga aljihunka. Mutumin da ke jiki, Murtala Ramat Muhammed, ɗan Kano, shi ne kwamandan runduna ta 2 a farkon yaƙin. Rundunarsa ce ta ƙwato yankin Tsakiyar Yamma, kuma sojojinta ne suka kashe ɗaruruwan fararen hula maza a Asaba a Oktoban 1967, abin da mutanen garin ke tunawa har yau. Yunƙurin haye Kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha ya ci tura, aka yi asarar sojoji masu yawa a ruwa. Sai rundunar ta zagaya ta Idah ta biyo ta tudu, ta kama Anacha a watan Maris na 1968.

Ranar 31 ga wannan watan, wani ayari na motoci kusan 100 ɗauke da sojoji da harsasai da man fetur yana kan hanyar Enugu zuwa Anacha. A Abagana sojojin Biyafara ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu suka yi masa kwanton ɓauna. Harin ya faɗa kan tankar mai, wuta ta bi ayarin mota bayan mota, harsasan da ke ciki suna tashi da kansu. Ɗaruruwan sojoji suka mutu a wurin. A labarin da ɓangaren Biyafara ke bayarwa, wannan ita ce babbar ranar ogbunigwe, kuma daga nan sunansa ya fara tsorata mutane tun kafin su haɗu da shi.

Murtala ya rayu, ya zama shugaban ƙasa a 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ibrahim Babangida, wanda aka harba a Uzuakoli kusa da Umuahia a 1969, shi ma ya rayu ya mulki ƙasa. Su muka sani. Waɗanda suka ƙone a cikin motocin Abagana samari ne sa'o'in masu yi mana cika baki a sharhi, kuma akwai gidajen da uwa ta mutu tana jiran ɗan da ba a taɓa kawo mata ko takalminsa ba.

Ruwan da ba shi da ƙetare

Daga Umuahia muka bi Ikot Ekpene, Uyo, Eket, muka sauka Ibeno a jihar Akwa Ibom. Mu da babban ruwan da muka sani bai wuce Tiga da dam ɗin Challawa na Ƙaraye ba, abin ya fi ƙarfin bayani. Ƙararsa muka fara ji tun kafin mu gan shi. Ƙanina ya ɗebo da hannu ya kurɓa, ya tofar yana cewa wa ya zuba gishiri haka. Umma ta riƙe rigar kowa tana ta salati, in igiyar ruwa ta taso ta ja da baya, in ta koma ta matso. Kaka ya naɗe ƙafar wando ya tsaya inda ruwan ke taɓa idon sawu.

To, a nan amsar bokitin take. Buɗe taswira a wayarka ka duba. Ranar da aka shelanta Biyafara tana da bakin teku mai tsawo, tana da Fatakwal da Bonny da Kalaba, tana da rijiyoyin mai da matatar Fatakwal. Gwamnatin tarayya ta fara da toshe tekun da jiragen ruwa, sannan rundunar da Kanar Benjamin Adekunle ke jagoranta ta riƙa cin gaɓar ɗaya bayan ɗaya: Bonny a Yulin 1967, Kalaba a Oktoba, Fatakwal a Mayun 1968. Daga nan Biyafara ta zama kamar ɗakin da aka kulle ta waje.

Najeriya tana samun makamai daga Birtaniya da Tarayyar Sobiyet, suna sauka da rana tsaka. Biyafara kuwa ƙasashe biyar ne kacal suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti. Abin da take samu, har da taimakon Faransa ta bayan fage, sai dai ya shigo ta sama cikin dare, ya sauka a Uli, wani yankin kwalta da aka faɗaɗa aka mayar filin jirgi. Wanda ba zai iya sayen igwa ba dole ya dubi abin da ke tsakar gidansa. Haka aka samu bokitin, haka kuma suka riƙa tace ɗanyen mai a ƙananan matatu na gida bayan sun rasa ta Fatakwal.

Sai dai ƙofar da ta hana harsashi shiga ita ce ta hana abinci. Yankin ya dogara da busasshen kifin da ake shigowa da shi daga Norwe, da naman shanun Arewa, da gishiri. Duk suka yanke. Tamowa ta kama yara, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, hotunansu suka zagaya jaridun duniya a 1968. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga 500,000 zuwa miliyan 3, kuma mafi yawansu yunwa ce da cuta suka kashe su. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can, ciki har da Bernard Kouchner, su ne suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971, wadda yau take jinyar yara masu tamowa a Katsina da Zamfara da Kano. Duk wanda zai yi alfahari da ogbunigwe a intanet, ya sani cewa bokitin da yaron nan mai kumburarren ciki uwarsu ɗaya. Mu kuma masu alfahari da nasara, mu sani da abin da aka same ta.

Kuma bokitin bai sauya ƙarshen labarin ba. A Janairun 1970 Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddebuwa. Ranar 12 ga wata mataimakinsa Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai, ranar 15 aka kammala a Legas, Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci.

Bogobiri da Gakem

Daga Ibeno muka koma Uyo, muka haye gadar Itu, muka shiga Kalaba. Unguwar Hausawa a can sunanta Bogobiri, kuma duk ɗan Kalaba ya san ta saboda tsire da canjin kuɗi. A wurin bikin rabin 'yan zaman maƙwabta ne da abokan cinikin Baffa, Efik da Ibibio da Ibo. Aka jera tuwon shinkafa da miyar taushe gefe guda, miyar afang gefe guda, kowa yana leƙa kwanon wani. 'Ya'yan Baffa suna juya harshe uku a cikin jimla ɗaya.

Ka riƙe wannan hoton a ranka in za ka rubuta sharhi. Albasa da wake da shanu suna gangarawa, manja da gari da kayan gyaran mota suna hawowa, kuma a kowane ƙarshen hanyar akwai mutanen da gidansu da jarinsu da makarantar 'ya'yansu suke a garin wasu. In abu ya ɓaci, su ake fara taɓawa: ɗan Bogobiri, ɗan Lokpanta, ɗan Sabon Garin Kano. Haka aka yi a 1966. A Yunin 2017 da wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka bai wa Ibo wa'adin barin yankin kafin 1 ga Oktoba, masu murna a Facebook suna kwance a ɗakunansu, irin su Baffa ne suka kwana da ido biyu har aka janye wa'adin. A Yunin 2021 kuma saƙo ɗaya na Shugaba Buhari da ya taɓo yaƙin basasa Twitter ta goge, gwamnati ta rufe dandalin wata bakwai. Ciwon bai warke yadda muke zato ba.

Da za mu dawo Baba ya zaɓi hanyar Ikom da Ogoja. Gab da shiga jihar Binuwai akwai wani ƙaramin gari, Gakem. A nan aka yi harbin farko na yaƙin ranar 6 ga Yulin 1967. In ba a gaya maka ba za ka wuce shi kana latsa waya. Mata na sayar da gyaɗa a bakin titi, yara na dawowa daga makaranta. Yaƙin da ya ci wata 30 daga wuri irin wannan ya fara, kuma a lokacin gwamnati ta kira shi ɗan aikin 'yan sanda da ake sa ran gamawa cikin ɗan lokaci.

Ina ƙwaƙwalwar ta tafi?

Akwai tambayar da ta dame ni tun daga Umuahia, kuma ta shafe ka in kana karatun kimiyya ko kana koyon sana'ar hannu. Mutanen da suka tace mai a daji suka ƙera roka da tarkace, ina aka kai su bayan yaƙi? An yi ɗan yunƙuri. An kafa cibiyar ƙere-ƙere ta PRODA a Enugu, Gordian Ezekwe ya jagorance ta, daga baya ma ya zama ministan kimiyya da fasaha a zamanin Babangida. Amma kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, sayo abu daga waje ya fi sauƙi, ƙasar da ta ga ana tace mai a cikin ƙawanya ta shafe shekaru tana shigo da fetur.

Irin wannan ƙwaƙwalwar ba ta ƙare ba. Tana Aba da Nnewi, tana Panteka a Kaduna, tana rumfunan masu walda na Kano da ke ƙera injin casar shinkafa da na markaɗe daga ƙarfen da wani ya yar. Abin takaicin shi ne sau ɗaya tak aka tara malamin jami'a da maƙeri a rumfa guda aka ce su yi sauri ƙasa na jiransu, kuma abin kisa aka sa su yi. Ragowar abin da aka binne a wancan lokacin ma bai gama fita ba. A 2017, shekara 47 bayan yaƙin, gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta kashe naira biliyan 88 wajen biyan diyya da kwashe bama-baman da suka rage a ƙasa.

Ba kowa ne zai samu Sienna da kuɗin mai ba, na sani. Amma in hidimar ƙasa ta jefa ka Abia ko Akwa Ibom ko Kuros Riba, kada ka ruga neman sauyin jiha tun kafin ka leƙa. Ita kanta NYSC an kafa ta ne a 1973 saboda wannan yaƙin, don mu san juna. Ka ware rana ɗaya ka je Umuahia, ka ware wata ka je bakin ruwa.

Kafin nan akwai abin da za ka iya yi a wannan makon ba tare da ka kashe ko sisi ba. Waɗanda suka shiga soja a 1967 suna samari yanzu sun haura 75, kuma kullum raguwa suke yi. Nemi na gidanku ko na unguwarku, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izini ka kunna rikodar wayarka. Kada ka tambaye shi wa ya ci, ya gaji da wannan. Tambaye shi me suke ci a daji, wa ke kwana kusa da shi, ina mutumin yake yanzu. Ke ma 'yar'uwa, tambayi kakarki yadda aka yi jiran waɗanda suka tafi. In sun yi shiru, kada ku katse shirun. Abin da kuka samo ku turo mana a wannan fili, za mu buga da izininsu.